Haruffa Biyu

Ƙarfe biyun dare a Hull.
Yayyafi na taɓa tagar ofishin tashar jiragen ruwa,
ni da baƙin allo muna kallon-kallo,
ɗan farin layin nan sai ƙifta ido yake
kamar yaron da ke jiran a aike shi.

Gwen ce ta koya mini, yau shekara uku,
riƙe da shayin da ba ta taɓa shanyewa ba.
Ta ce haruffa biyu ne kacal:
mv.
Ka faɗi inda abu yake,
ka faɗi inda kake so ya koma.
Na ce, na sauya suna fa?
Ta ce shi ne dai.
A wajen na'ura, ƙaura da sauya suna
uwa ɗaya uba ɗaya.

Ban tanka ba.
Katin da ke wuyana cewa ya yi Tony,
alhali Tanimu aka raɗa mini a Funtuwa
ranar da aka kayar da rago a ƙofar gidan Bawa mai dawa.

Daga baya na gano wani abu da kaina.
In cikin faifai ɗaya ne ƙaurar,
fayil ba ya ko motsi,
yana nan kwance inda yake,
rajista kawai ake gyarawa,
kamar a sauya lambar gida, mutanen ciki na barci.
In kuwa za a tsallaka wani faifan,
sai an kwafe shi tsaf a can
sannan a share na asali.
Na daɗe ina kallon wannan.
Har shayina ya huce, irin na Gwen.

Na'urar ba ta son suna mai gurbi a tsakiya.
Rubuta mata Sabon Layi,
ta ɗauka mutum biyu ne,
ta nemi Sabon ta rasa, ta nemi Layi ta rasa.
Sai ka rungume sunan da alamar zance
kafin ta yarda unguwa ɗaya ce.

Ɗigo biyu kuma na nufin koma wajen uwa,
jakar da ta haifi wadda kake ciki.
Da ma haka sauƙinsa yake.

A tawa kwamfutar, lokacin hutu,
nake jera saƙonnin muryar Inna Kande.
Waya ta ba su lambobi kamar fursunoni,
ni kuma ina yi musu suna ɗaya bayan ɗaya:
azumi,
ciwon_gwiwa,
kuɗin_rufi,
dariya.
Daƙiƙa goma sha ɗaya ce dariyar,
akuya ta shiga kicin tana cikin yi mini faɗa.

Daren wata Laraba, barci a idona,
na ba wani fayil sunan da ke da mai shi.
Na danna.
Shiru.
Haka take: in ta cika aiki ba ta magana,
sai ta gaza take buɗe baki.
Na kunna dariya,
sai ga mai gidan haya yana bayanin ranar kwashe shara.
Babu kwandon da zan tona.
Wayar da saƙon ya zo ta cikinta
tuni na sayar a kasuwar Lahadi.
Inna kuwa ta riga ta tsallaka
inda ba a aiko saƙo.

Yanzu ba na rubuta mv tsirara.
Sai na maƙala masa ƙaramin i,
ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama:
da mutum a ciki, in danne shi?
Wanda maciji ya sara.

Gari ya soma wayewa a kan Humber.
Jirgin Rotterdam na shigowa a hankali,
manyan motoci sun yi layi, kowace da lambarta a goshi.
Na buɗe sabuwar jaka, na sa mata gida.
Allo ya ce akwai mai wannan sunan tuni.
Ban tuna yaushe na yi ta ba.
Na leƙa ciki.
Takardar biza, rasidin wuta,
da hoton wata itaciyar mangwaro
wadda har yau lambar waya take amsawa.